Maɗorin Mamobi a Asibitin Bombay

Tun ranar da muka dawo ban sayar da yadi ɗaya cikin natsuwa ba. Mace za ta shigo rumfata a Zongo Lane kamar atamfa ce ta kawo ta, ta ɗaga wannan ta ajiye waccan, sai ta ja kujera ta ce, "Memuna, wai da gaske ƙarfe ne a jikin Yayanku?" Wata kuma damuwarta ko na ga Indiyawa suna rawa a kan titi kamar a silima. Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma kullum sai na manta wani abu. To ga shi na zauna na rubuta, wadda ta iya karatu ta karanta wa saura.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Isiyaka wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne maɗorin da ke bayan babbar kwata a unguwar Mamobi. Ɗorin gado ne, daga kakanmu da ya zo daga Katsina tare da fataken goro. Shekara talatin ke nan 'yan ƙwallo da direbobi da mata 'yan dako, waɗanda muke ce wa kayayo, suna zuwa masa da karaya suna komawa da ƙafafunsu. Shi kuwa tun yana saurayi ya faɗo daga kan babbar mota a hanyar Kumasi, ƙugun dama ya bugu. Abin ya yi ta cinsa a hankali. A shekaru biyun ƙarshe ƙafar ta gajarce, ba ya iya durƙusawa gaban mai karaya, kuma idan ya juya a kan gado matarsa tana jin ƙashin yana gurza ɗan'uwansa. Ya gwada duk saiwar da ya sani. Ba karaya ba ce, balle ya ɗora.

Wani likita a nan Ankara, babban birnin Gana, ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mana. Kan ƙashin cinya, wanda ya kamata ya zama mulmulalle, ya koma kamar goron da ɓera ya gaigaya. Ya ce sai dai a yanke shi a sa na ƙarfe. Na tambaye shi ko ana yi a nan.

Ya ce, "Hannu akwai, kaya ne babu. Ƙarfen sai an yi odarsa daga Turai da kuɗin waje, ya zo ya jira a tasha, a biya kwastan. Sidi kuma, kuɗin ƙasarmu, kin ga halin da take ciki. Farashin da zan faɗa miki yau ba shi ne na wata mai zuwa ba."

Sai muka shiga aika wasiƙu. Ɗan kawunmu da ke Landan ya rubuto da farashin can, na karanta sau uku, don kuɗin zai sayi gida a unguwar Kanda. Wani ɗan unguwa da ke Jamus ya ce nasu ya ɗan fi sauƙi, amma biza sai mai rabo. Muna cikin haka Papa Mohan, Ba'indiyen da nake sarin yadi a kantinsa, ya ce in kai shi Bombay. Ya rubuta wa wani ɗan'uwansa, bayan mako biyar amsa ta zo. Aikin da tikitin mutum biyu da masauki, duka a haɗe, ba su kama ƙafar na Landan ba. Na ce masa a sana'ata yadin da ya yi araha haka zuba yake yi a wankin farko. Ya ce, "Likitan a Ingila ya yi karatu. Je ki gani da idonki."

Yaya ya sayar da filinsa na Ashaiman, ya haɗa da abin da ya shekara goma yana tarawa na aikin Hajji. Babu na gwaji sau biyu. Ni aka zaɓa in raka shi saboda na yi makarantar midil, ina jin Turanci.

Ta Legas muka bi, domin tikitin da za ka saya da naira ya fi wanda za ka saya a Ankara araha nesa ba kusa ba, alhali jirgi ɗaya ne, kujera ɗaya. Mun tashi daga tashar mota ta Circle bayan sallar asuba, na biya wa Yaya kujera biyu don ya miƙe ƙafa. A iyakar Aflao kowa sai ya sauka ya taka da ƙafa zuwa ɓangaren Togo. Yaya ya yi taku goma ya tsaya, gumi yana zuba. Wani Bazabarme mai tura albasa a amalanke ya tsaya ya dube mu, ya ce, "Baba, hau." Yaya ya ce shi ba kaya ba ne. Bazabarmen bai yi gardama ba, ya dai gyara buhu biyu suka zama kamar kujera, ya tsaya yana jira. Haka maɗorin Mamobi ya shiga ƙasar Togo a kan albasa, ya kare rana da ambulan ɗin hoton ƙashinsa. Na miƙa wa mutumin kuɗi ya ƙi, ya ce addu'a yake so.

A Lome muka ci burodinsu dogo kamar sanda, mai ɓawo da ke yanka dasashi. Kwatano kuwa babura ne kamar fari, da fetur a kwalabe a bakin hanya. Mun shiga Legas ana kiran magariba, muka sauka a zangon Agege gidan wani dillalin goro da ya san mahaifinmu. Matarsa Bakanuwa ce, Hajiya Binta. Ina gaishe ta na ce, "Hajiya, a taimaka da ruwan zafi, ƙafarsa ya kumbura." Ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Ta ce, "Ta kumbura dai, 'yar nan. Ku mutanen Ankara kun kori mata daga cikin Hausarku, kowa namiji ne." A rubutu ina kiyayewa, bakin ne ba ya jin magana. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe irin wadda rabona da ita tun kakarmu tana da rai, ta kuma gasa wa Yaya ƙafar da hannunta kamar ɗan'uwanta.

Jirgin ba zan ce komai a kansa ba sai dai na riƙe hannun kujera tun daga Legas har Addis Ababa, inda muka canza wani, kuma sanyin garin ya shiga mini har haƙori. Bombay muka same ta cikin damina. Ni da nake ganin kasuwar Makola ranar jajibirin salla ita ce ƙarshen cunkoso, sai na ga ashe wasa muke yi. Mutane a kan titi, mutane a rataye jikin ƙofar jirgin ƙasa, mutane a ƙarƙashin gada suna girki. Gini mai hawa ashirin, a gindinsa bukkokin leda da kwano waɗanda unguwar Nima da ake mana gori ta fi su sarari. Ga saniya kwance a tsakiyar hanya, motoci suna kauce mata da ladabi. Yaya ya daɗe yana kallonta ta taga, ya ce, "Da a Nima ce, da yanzu ana rabon kai da ƙafa."

Na nuna wa mai tasi takardar adireshi, ya karkaɗa kai hagu da dama. Na ɗauka bai sani ba, na nufi na biyu, shi ma ya karkaɗa. Sai da na wuce mutum huɗu a cikin ruwan sama kafin wani dattijo ya gaya mini cewa a wurinsu wannan karkaɗawar ita ce "to". Duk huɗun sun amsa, ni ce nake ta wucewa.

Ɗan'uwan Papa Mohan ya samar mana ɗaki a unguwar Musulmi, gidan wata gwauruwa mai suna Bibi Zubaida. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu, amma da na ce "Assalamu alaikum" ta rungume ni. Abincinsu shinkafa ne da miyar wake mai ruwa-ruwa, da wata gurasa marar kauri da ake gasawa a kasko, sai shayi mai madara da citta wanda ake sha sau biyar a yini. Kwana uku na jure, a na huɗu na ciro kuka da daddawa daga jakata. Daddawar tana shiga tukunya gidan ya watse. Maƙwabta suka leƙo suna toshe hanci da gyale, Bibi tana buɗe tagogi tana salati. Amma da miyar ta nuna ta ɗanɗana da yatsa, ta ɗauko kwano.

Asibitin hawa goma ne. A ofishin karɓar marasa lafiya magatakarda ya ba ni takardar farashi, na ga aiki ɗaya da kuɗi iri huɗu. Hawan sama na Larabawa ne da attajiran gari, ɗaki da kafet da talabijin da na'urar sanyi. Kana saukowa farashi yana saukowa, har ka iso babban ɗakin ƙasa mai gado ashirin da fankoki. Ba kuɗin ɗaki kaɗai ke canzawa ba, har ladan likita da na allura. Na ce masa, "Likitan sama daban ne?" Ya ce ɗaya ne. "Ɗakin tiyatar fa?" Ya ce ɗaya ne. Na tsaya riƙe da takardar, ni da nake ganin na san ciniki.

Likitan ɗan siriri ne mai furfura, da silifas a ƙafa. Da na gaya masa sana'ar Yaya sai ya cire gilashi, ya naɗe hannun riga, ya miƙa masa damtsensa na hagu. Yaya ya rufe ido ya bi ƙashin da babban yatsa tun daga gwiwar hannu, ya tsaya kusa da wuyan hannu. Ya ce, "Gaya masa nan ya karye yana yaro, bai kai shekara goma ba. Wanda ya ɗora ya iya, amma ya kwance da wuri." Na fassara. Likitan ya yi dariya sosai, ya ce daga kan mangwaro ya faɗo, kuma wani tsoho ne a ƙauyensu ya ɗora, uwarsa ta kwance saboda ƙaiƙayi. Daga ranar bai ƙara kiran Yaya da suna ba, sai "abokin aiki".

Ya buɗe durowa ya ajiye ƙarfe biyu a kan tebur. Kowanne tsawon tafin hannu da rabi, ƙasansa kamar fegi, samansa ƙwallo mai sheƙi, da wani ɗan kofi fari na roba da ƙwallon ke juyawa a ciki. Ɗaya daga Ingila, ɗaya ƙirar Indiya. Yaya ya ɗauka da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Ya juya ƙwallon a cikin kofin, ya sake juyawa, babu ko ƙara. Ya ce, "Ikon Allah. Mutum ya zauna ya kwaikwayi wannan." Sai ya ce in tambaye shi me ya sa abu ɗaya yake da kuɗin gida a Landan.

Likitan ya ce, "Shekara shida na yi aiki a can. Ƙarfen shi ne dai wannan. Amma mai sharar asibiti a can albashinta ya fi na babbar nas a nan. Ginin da tsada, gadon da tsada, kuma mai aikin kuɗi sai ya biya inshora mai nauyi saboda in an samu kuskure kotu za a je. Duk a kan ƙugun mara lafiya ake ɗora su. A ƙasarku mutane ba su da tsada, kaya ne da tsada, don likita zai yi odar ƙwaya ɗaya daga nesa. Ni kuwa ba a mako ban yi wannan aikin ba, saboda haka sari nake yi."

Wannan na gane shi tun kafin ya rufe baki, don na san bambancin mai sayen turmi ɗaya da mai sayen dila. Na ce to hawa-hawan nan fa? Ya nuna rufi da yatsa, ya ce, "Na sama shi ke ɗauke wa na ƙasa wani abu, ko ya sani ko bai sani ba." Da na fassara, Yaya ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka muke yi. Alhaji ya kawo rago, kayayo ta kawo kaza, wani ya kawo godiya. Karan ɗorin ɗaya ne."

Abin da ke hannunmu zai isa ƙarfen Ingila da ɗakin ƙasa, ko ƙarfen Indiya da ɗakin mutum biyu a hawa na biyar. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce na gida yana sa wa mutane da yawa kuma suna tafiya lafiya, amma na Ingila ne ya ga daɗewarsa da idonsa, kuma Yaya bai kai sittin ba. Ni na so ɗakin, don na leƙa na ƙasa na ga mutane har a ƙarƙashin gadaje. Yaya ya ce, "Memuna, ɗakin na mako biyu ne. Ƙarfen da shi za a binne ni."

Ana gobe aiki sai ga maganar da ba ta cikin takarda. Dole dangin mara lafiya su ba da jini, mutum biyu, kuma ba sa karɓar kuɗi a madadinsa. Na ba da nawa. Na biyun fa? Bibi Zubaida ta tsufa, ɗan'uwan Papa Mohan yana da ciwon sukari. Suka ce in babu, sai a ɗage, likita kuma zai yi tafiya mako mai zuwa. Na zauna a kan benci a baranda, ban san hawaye suna zuba ba.

A gadon da ke kusa da na Yaya akwai wani tsoho manomi da ya karya ƙugu. Ɗansa Shankar, magidanci mai furfura a gefen kai, aikinsa dakon kwanukan abincin rana zuwa ofisoshi, yakan zo da la'asar ya zauna a ƙasa yana matsa wa uban ƙafa. Ba mu taɓa magana ba sai murmushi. Ya gan ni, ya tambayi nas, ta gaya masa. Ya ajiye hularsa a kan gadon uban, ya bi ta. Bayan rabin awa ya dawo da auduga a hannu. Na ciro kuɗi, ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji ya ja da baya. Ba Musulmi ba ne, bai san inda Gana take ba.

Don in gode masa na dafa shinkafa da naman akuya na kawo washegari. Ina buɗe kwano ya kau da kai, uban ya rufe fuska da mayafi. Nas ta ja ni gefe ta ce gidansu tun kakanni ba a taɓa cin nama ba, ko ƙwai. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Kwana biyu bayan haka na ari sabuwar tukunya na dafa wake da shinkafa irin namu, ba kifi ba nama, na nuna wa nas ta tabbatar masa. Ya cinye tas ya suɗe yatsa.

Shi kuwa aikin, ƙarfe takwas na safe suka shiga da shi. Allura suka yi masa a gadon baya wadda ta kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, suka ce za su ƙara ta barci, ya roƙa a bar shi ido biyu. Awa uku ina jan carbi. Da suka turo shi na ruga ina tsammanin ganin rabin gawa, sai na ga idanunsa suna ƙyalli.

Ya ce, "Memuna, zarto suka sa. Ina ji ana yanka ƙashina kamar kafinta yana yanka katako, ko cizon sauro ban ji ba. Sannan guduma. Sannan suka kwaɓa wani abu mai wari, wai siminti. Shi kuma yana yi yana hira da yaransa." Sannan ya ce, "Da Baba ya ga wannan."

Ya roƙa a nuna masa abin da aka cire. Suka kawo a ƙaramin kwano. Ya daɗe yana dubawa, ya shafa wurin da ya cinye, ya ce ba a jefar da ɗan Adam a shara. Likitan ya sa aka naɗe mana. Bibi Zubaida ta yi wa limamin unguwarsu magana, aka sa a farin ƙyalle aka binne a maƙabartarsu. Saboda haka wani yanki na Yaya yana kwance a Bombay har tashin ƙiyama.

Rana ta uku suka tsayar da shi. Nas biyu a gefe, sandunan hammata na farin ƙarfe marasa nauyi a hannunsa. Ya sauke ƙafar dama a hankali, ta taɓa ƙasa daidai da ta hagu. Ya tsaya yana jiran ciwon da ya saba, bai zo ba. Akwai zafin yanka, amma wancan na ciki mai gurza babu shi. Ya yi taku huɗu zuwa taga ya dawo. A ɗakin nan mai gado ashirin, sai tsohon manomin ya fara tafi daga kwance, saura suka ɗauka.

Ranar sallama likitan ya zauna a bakin gado ya ce in fassara a hankali. Ba tsugunno, ba zaman tabarma, ba tanƙwashe ƙafa, har abada, in ba haka ba ƙwallon zai fita daga kofin. Salla a kan kujera. Yaya ya ce, "Ɗori fa? A ƙasa ake yi." Likitan ya ce, "Abokin aiki, ni a tsaye nake yi." Washegari Yaya ya nemi biro ya zana tebur a bayan takardar magani, da tsayinsa da faɗinsa.

Mako shida muka yi. A filin jirgi ƙofar bincike ta yi ta kuka duk sanda ya wuce, suka cire masa agogo da hula da carbi tana yi, sai da na nuna wasiƙar likita. Ma'aikatan suka taru suna ƙwanƙwasa ƙugun da yatsa.

Yanzu wata biyu da dawowarmu. Kafinta ya yi teburin, kuma mutane sun saba hawa. Ranar Asabar da ta wuce ina gidan wani mutum ya shigo goye da matarsa, daga Nima, mai sayar da koko ce, ba ta fi talatin ba, tana da sikila. Suka kwantar da ita. Yaya ya juya ƙafar ciki da waje, ya sa kunne kusa, ya sauke ta a hankali. Da a da ne, da ya shafa magani ya ɗaure ta kwana arba'in.

Ya ce, "Wannan ba aikina ba ne. Irin nawa ne. Memuna, gaya musu hanya."

Na gaya musu tun daga Circle har hawan ƙasa. Mijin ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Anti, duka nawa?" Na faɗi na ɗakin ƙasa da ƙarfen Indiya, mafi araha da na sani a duniya. Ya yi godiya, ya juya baya ya durƙusa don ta hau.

Yaya ya ce, "Dakata." Ya jawo sandunansa na Bombay, waɗanda likita ya ce ya riƙe su wata uku cur bayan mun dawo gida. Ya sa ta tsaya, ya auna daga hammatarta zuwa ƙasa da igiya, ya kwance kusoshin ya rage tsayin, ya nuna mata yadda za ta fara sa sanda kafin ƙafa. Na ce, "Yaya, saura maka wata guda." Ya ce, "Akwai bango."

Ta yi taku biyu ta tsaya, ta ƙara uku. Mijin ya bi ta a baya da hannuwa a buɗe, bai taɓa ta ba. Yaya ya dafa teburin ya leƙa ta ƙofa, yana kallonsu har suka sha kwanar masallaci, sannan ya ce a shigo da na gaba.